Kwanukan da Ke Rataye a Rumfar Maman Godiya

Duk wanda ya taɓa aiki a kamfanin bargon nan na Sharada ya san Laraba, ko da yake Maman Godiya muke ce mata. Daga Zonkwa ta biyo mijinta Bulus zuwa Kano da goyo a baya, shi yana aiki a kamfanin. Da ya rasu, dangi suka ce ta koma gida, ta ce ba inda za ta, ta kafa rumfar abinci a bakin ƙofar kamfanin. Shekara goma sha tara ke nan tana dafa shinkafa da wake. Ni makanike ne a ciki, kuma rabin tumbin nan nawa aikin hannunta ne.

Tana da doka guda: ba ta zuba wa ma'aikaci abinci a leda. Kowa ya kawo kwanonsa, in ya gama ta wanke ta rataye a ƙusa. Ba ta rubuta suna, amma ba ta taɓa miƙa wa wani kwanon wani ba. In ka yi gardama sai ta ce, "Leda ta shara ce. Kai shara ne?" Daga nan ka ja bakinka.

Bara da damina wata malamar jami'a mai koyar da kiwon lafiyar al'umma, Dakta Badi'a, ta zo da ɗalibanta shida. Binciken ƙirjin ma'aikata suke yi, musamman na ɗakin shiƙar auduga, inda ƙura kan sa mutum ya fito fari fat. Sun zo da wata na'ura, ka cika ƙirji da iska ka hura a bututu, ita kuma ta nuna ƙarfin huhunka. Manaja ya ba su jerin sunaye, kowa ya zo da katin aikinsa ya hura.

Bayan sati biyu Dakta ta zauna cin abinci a rumfar, ina gefe, tana juya takardu.

"Mama, abin nan ya ɗaure min kai," in ji ta. "Kusan kowa lafiya lau. Ga wani Baffa, shekara goma sha huɗu a cikin ƙura, amma huhunsa kamar na ɗan ƙwallo."

Saura kaɗan in ƙware da wake, don duk mun san zancen. Yawancin 'yan ɗakin ƙura aikin yini suke yi. Ka yi fashin kwana uku, an ba wani gurbinka, ga masu jira nan a layi kullum safiya. Saboda haka in ciwo ya kwantar da mutum, sai ya miƙa katinsa ga ɗan'uwa ya riƙe masa wuri. Katin ba hoto, lamba ce kawai, shugaban ɗaki kuma muddin aiki na tafiya ba ruwansa. Baffa na gaske wata huɗu yana kwance a Zawaciki yana tari. Wanda ya hura bututu Habibu ne, ƙanin matarsa, ƙaton manomi daga Jigawa. Na'urar ba ta yi ƙarya ba, mutumin ne dai ba shi ba ne.

Maman Godiya ta ƙara wa Dakta miya. Amma na ga ranta ya ɓaci, har ta ƙona tukunyar yamma, abin da ban taɓa gani ba. In ta yi magana, katin Baffa na iya salwanta. In ta yi shiru, za a rubuta cewa mutumin da ke mutuwa a kan tabarma shi ne ya fi kowa lafiya, a tattara kaya a tafi.

Ran Lahadi da ta fito daga coci ta sa na kai ta Zawaciki a babur ɗina. Mun tarar da Baffa a jingine da bango, ya rame sai idanu.

"Malam Baffa, ba zan faɗa wa kowa ba sai ka yarda," ta ce masa. "Amma ina so matar nan ta gan ka."

"Maman Godiya, ki rufa min asiri. In kati ya tafi, me yara za su ci?"

"In kai ka tafi fa? Bulus ma haka ya ce min, ni kuma na biye masa. Har yau ban yafe wa kaina ba."

Tari ya sarƙe Baffa, ya lafa. Sannan ya ce ya yarda, in dai sunansa ba zai kai ofis ba.

Washegari ta tare Dakta tun kafin ta shiga, ta tsare ta da tambaya kamar alƙali. Wa ke ganin takardun nan? Manaja fa? Dakta ta ce ba wanda ke gani sai masu bincike, kuma a rahoto lamba ake sawa maimakon suna, doka ce ta aikinsu. Maman Godiya ta ce doka daban, amana daban, ita amana take nema. Dakta ta ce ta ɗauka.

Sai ta ja ta bayan rumfa ta nuna mata layin ƙusoshi na ƙarshe.

"Waɗannan kwanukan sun yi watanni ba wanda ya zo cin abinci a ciki. Katunansu suna zuwa aiki kullum, su ne ba sa zuwa. Masu su kike nema, Likita."

Dakta ta ƙirga. "Goma sha biyu."

"Goma sha ɗaya. Na can sama ba ya cikin naku."

Na so Dakta a ranar, don ba ta tsaya kare kanta ba. Ta kira ɗalibanta ta ce musu sun yi kuskure, ita ce kuma ta farko, a sake aikin daga tushe. Sati uku suna bin Maman Godiya lungu-lungu a Zawaciki da Ɗorayi, ita a gaba da zanenta, masu digiri a baya. Tara suka samu, biyu sun riga sun koma ƙauyukansu a Nijar. Baffa da ƙyar ya iya hura bututun. A asibiti aka gano tarin fuka ne ya hau kan ɓarnar ƙura, aka ɗora shi a kan maganin wata shida, kyauta.

Rahoton ya je ofis babu sunan kowa. An yi ta jan ƙafa, amma a ƙarshe aka sayo fankar zuƙe ƙura, ni na ɗaura ta da hannuna, aka raba takunkumi, aka kuma yarda mai takardar asibiti ba zai rasa gurbinsa ba. Yanzu duk zangon karatu Dakta kan kai Maman Godiya aji ta yi wa sababbin ɗalibai magana. Ba ta jin tsoron kowa. Takan ce musu kafin su auna waɗanda suka zo, su tambayi wa bai zo ba. Mu kuma muka fara kiranta Farfesa, tana korarmu da ludayi.

Wata bakwai da fara shan magani, da tsakar rana, Baffa ya shigo rumfar da ƙafarsa. An mayar da shi sito, ya rabu da ƙura. Ba ta yi masa doguwar gaisuwa ba. Ta zagaya baya ta sauko da kwanonsa, ta ɗauraye, ta cika har yana zuba.

Yana ci ya ɗaga kai ya hangi kwanon can sama, mai tsohon fenti, ya tambaye ta na wa ne.

"Na Bulus ne," ta ce. "A ciki nake kawo masa abinci. Shi ba wanda ya zo nemansa. Ci, kada ya huce."