Ranƙwashin Kawu Ilu

Na samu! Wallahi sun ɗauke ni, ƴan gida! Yanzun nan labo ɗin, wato ɗakin binciken, suka kira ni a waya. Bincike ne na bayan digirin dokta: za mu riƙa sa mutane cikin na'urar IRM, mu ɗauki hoton ƙwaƙwalwa, mu ga abin da wiwi ke mata da inda ya haɗu da taɓin hankali. Kun san wa ya faɗo mini a rai? Kawu Ilu gyartai.

Duk wanda ya tashi a unguwarmu a Matameye, kansa ya sha ranƙwashin Kawu. Shi ba ruwansa da gaisuwar hannu. Yadda yake ƙwanƙwasa ƙwarya ya kasa kunne ya ji inda ta tsage kafin ya ɗinke, haka yake wa kan mutane. Ni kullum sai ya ce tawa cike take, amma rabi surutu ne. Kar wanda ya ce komai, na san ku.

Shekarar da damina ta ƙi, sojoji kuma suka karɓi mulki, aka tare motar su Kawu a shingen hanyar Tsauni. Wani ƙaramin soja da hular kwano ya leƙo yana neman kati. Kawu ya miƙa hannu, ƙwas! Direba ya fara salati. Kawu ya ɗan saurara, ya ce, "Yaro, murfin dai mai kyau ne. Cire in ji ta ciki." Dariya ta ci ƙarfin sojan, ya ce a tafi da tsohon nan tun babbansu bai gani ba.

A shekarar ce maza suka watse ci-rani, har da Sani ɗan Kawu. Ya dawo daga Legas ido jawur, yana hira da katanga. Dangi suka rabu, wasu sun ce iska ce, wasu sun ce wiwi ne, amma bakinsu ya zo ɗaya a kan a sa masa mari. Kawu ya kafe. Ya ce ƙafar yaron me ta yi da za a ɗaure ta? Kai ne ya tsage, kai za a duba. Ya ce kuma su da yawa suka sha hayaƙin nan a ɗaki guda, ga sauran can suna tura baro lafiya lau, don me sai nasa?

Ya tasa Sani sai asibitin Damagaram, ya baje tabarma ƙofar likita, wai ba inda za shi sai an ɗauki hoton cikin kan ɗansa. Bawan Allahn ya yi bayani har ya gaji: na'urar da ke ganin ciki ba su da ita, magani dai ga shi. Don a rabu lafiya aka yi wa Sani hoton ƙashi. Kawu ya dawo gida, ya tara mu tsakar gida, ya ɗaga baƙar ledar hoton a rana, ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa.

"Ji mutanen nan. Sun ɗauko ƙwaryar, sun baro furar."

Sai ya waiwayo kaina, ina lise lokacin, wato sakandare. "Ke mai surutu, tunda kin iya lakwal, bokon nan naku, je ki nemo mana mai ganin furar."

Hoton kuwa bai yi asara ba, da shi Kawu ya yi ta fifita a kasuwa har ya yage. Magani kuma da hannunsa yake ba Sani kowace safiya, ya bi da ranƙwashi, ya ce ɗinki na kamawa. Mari bai taɓa ƙafar Sani ba. Yau shi ke zaune a rumfar Kawu, yana shan maganinsa, yana ɗinkin ƙwarya.

Amsar tambayar Kawu, gaskiya har yanzu ban da ita. Malamaina ma nema suke. Amma Kawu, mai surutu ta samo mai ganin furar, kai ne ba ka jira ba. Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya ƙara wa Sani lafiya.

Don Allah ku tura wa kowa, har ƴan'uwa da ke Kano da Legas. Wanda ke kusa da kasuwa kuma ya je ya karanta wa Sani.