Kujera Goma Sha Biyu

Da asuba, ina hanyar gareji, na gan shi yana share zauren ƙungiyar mawaƙan unguwa, inda kowa waƙar da ya rubuta da kansa yake rerawa. Dattijo ne siriri mai koɗaɗɗiyar hula. Hannayensa sun yi kanta, ina jin ya daɗe yana dako.

Da yamma na dawo, don yau ƙanwata za ta fara hawa dandamali. Kwana uku ba ta iya cin abinci, tana tsoron ta rera wa bango. Kujera goma sha biyu kacal ya jera, sauran suna jibge a bayan ƙofa.

"Baba, wannan ai rowa ce," na ce masa.

"Kai dai zauna, ɗana. In ta hango kujera babu kowa, muryarta za ta mutu."

Duk wanda ya shigo, sai ya ɗauko masa guda. Ƙanwata ta ɗago kai ta ga wuri a cike, muryarta ta daina rawa. Na je in yi masa godiya, ya ɗaga min hannu in yi shiru, waƙar ba ta ƙare ba.