Idon Jaratu a Bakin Teku

A garin Bangi, cikin yankin Madawa, duk wanda ya san gidan Malam Halidu ya san matarsa Jaratu ce mai hawa rumbu. A wasu gidaje wannan aikin maigida ne, amma Halidu mutumin bida ne: tun yana saurayi, da an gama girbi sai ya nufi kurmi neman abin rufin asiri, ba ya dawowa sai hadarin farko ya taso. Ta haka tsani da tiyar awo suka zauna a hannun Jaratu. Ita ke hawa, ita ke fito da zangarniya, ita ke yanke abin da gida zai ci, kuma ko a shekarun da ruwa ya ɗauke da wuri ƴaƴanta ba su kwana da yunwa ba. Ba ta yi lakwal ba, wato makarantar boko, ba ta taɓa wuce Madawa ba, amma wannan matsayi nata ne, babu mai ja da ita.

Da tsufa ya zo, sai farar yana ta fara rufe mata ido. Ba ta gaya wa kowa ba. Ta san ranar da aka sani za a jingine tsanin a ƙofar surukarta Mardiya, ita kuwa a shimfiɗa mata tabarma a inuwa, a riƙa kawo mata fura kamar baƙuwa. Ɓoyewar ba ta yi mata wuya ba. Ƙafarta ta haddace tsakar gida, hannunta ya san hatsi, mijinta kuma, kamar kowane dattijon ƙauyen, bai taɓa zama ya ƙura wa fuskarta ido ba. Shi a zaure yake cin abinci tare da maza, ita a bayan ɗaki.

Ɗanta na fari, Bashiru, wanda don kunya ba ta kiran sunansa sai dai ta ce "mai albasa", yana fataucin albasa a Lome. Shi ne ya zo da rani ya ce ya kama musu wani ɗan gida a bakin teku, irin wanda mata da miji ke zuwa su huta. Jaratu ta kawo uzuri iri-iri, Halidu ya ce yaro ya riga ya yi niyya, ba a kunyata shi. Haka ta shiga kar, babbar motar fasinja, alhali ta san inda za su ƙafarta ba ta san ko taki ɗaya ba.

Da suka isa, salatin Halidu ta fara ji.

"Ciyawa! Mu da munka sha wuya kahin mu yi ruhin kwano, kai ka kawo mu ɗakin ciyawa? Ina zaure? Ina katanga?"

"Haka baƙi suke so, Baba."

"To, ina sauran mutanen gidan?"

"Babu kowa. Kai da Inna kaɗai."

"Mu yi mi?"

"Ku huta."

"Wa ya ce maka ba mu lahiya?"

Bashiru ya yi dariya, ya yi sallama, ya koma wurin buhunansa. Jaratu ta laluba gefen gado ta zauna, ba ta ƙara motsi ba. Gado ɗaya ne tak. Babu turmi, babu murhu, babu kukan akuya, sai wani ruri daga waje kamar hadarin da ke tahowa amma ba ya isowa. Halidu ya leƙa ta taga, ya dawo da sauri yana istigfari, wai manyan mutane ne kwance a rairayi tsirara, lafiyarsu ƙalau, ba sa yin komai.

Bayan la'asar matar da ke kula da gidan ta kawo shinkafa da kifi. Ta jera faranti biyu a kan tabur guda, ta gyara kujeru biyu suna fuskantar juna, ta fita.

"Subhanallahi," in ji Halidu a hankali. "Nan za mu ci? Ni da ke?"

Kunya ta rufe Jaratu, tsoro kuma ya fi kunyar yawa: idan ta zauna gabansa, zai ga yadda hannunta ke neman kofi. Ta ɗauki farantinta ta ce, "Ka ci, Malam. Ni zan koma baya."

Ta bi haske ta fita ta ƙofar baya. A Bangi, bayan ɗaki bango ne da randa, mutum ya jingina ya ci abincinsa. Bangon nan take nema. Ta taka rairayi, ta ci gaba, hannu ɗaya a miƙe, babu abin da ke gabanta sai fari fat, rurin kuwa ta kowane gefe yake zuwa. Ƙasa ta yi sanyi a tafin ƙafarta. Kafin ta gane dalili, wani abu mai nauyi ya buge ta a gwiwa ya kayar da ita, ya cika mata baki da gishiri, ya tafi da farantin, ya fara jan zanenta.

Halidu ne ya cafke ta. Ya zo a guje, hularsa ta faɗi, ya riƙe hannunta a gaban jama'a, abin da bai taɓa yi ba tun ranar da aka kai ta gidansa.

"Ke! Ba ki ga ruwa ba? Ruwa har ƙarshen duniya, ki ce ba ki gani ba?"

Ta juyo za ta amsa, sai ta kalli inda ba ya nan. Ya kama haɓarta ya juya fuskar wajen rana, ya ga farar yana kwance a idanun duka biyu.

"Innalillahi. Tun yaushe?"

"Tun bara waccan."

"Kuma kina hawa rumbu?"

"Ina hawa."

Dattijon ya zauna daɓas a jiƙaƙƙen rairayi da babbar rigarsa. Sau nawa ya wuce ta gindin tsanin nan za shi masallaci, bai ɗaga kai ba?

"Malam, don Allah kar ka hwaɗi ma yara," in ji ta. "In sunka ji, tsani ya tahi."

Ya karkaɗe rairayin hannunsa. Sannan ya ce, "Yaron zan hwaɗi ma, don shi kai mu wurin likita. Tsani kuwa naki na. In idon ya buɗe, ki hau. In bai buɗe ba, ni in hau, ke ki riƙe tiya. Mardiya ta jira."

Tun da teku ya cinye rabonta, faranti ɗaya ya rage. A shi suka ci, shi yana cire mata ƙayar kifi, ita tana sunkuye don kunya.

An yi mata aiki a can Lome. Ido ɗaya ya buɗe, ɗayan bai buɗe ba. Da aka cire auduga, mijinta ta fara gani, ta dafe ƙirji ta ce, "Malam, wa ya zuba ma gemunka gari haka?"

Bayan sun koma gida, in mata suka tambaye ta labarin teku, takan ce ba ta yi masa kallon kirki ba, amma ta ɗanɗana, kuma an cika masa gishiri. Abin da ya fi ba mutanen Bangi mamaki a gida yake. Kullum da hantsi Jaratu na saman rumbu tana fito da zangarniya, Malam Halidu kuwa na tsaye a ƙasa, ya riƙe ƙafar tsani da hannu biyu, kansa a sama, ko sallama aka yi masa ba ya saki sai ta sauko.