Mai Hoton da Ba Ya Son Dariya

Ina jiran mota a tasha, idona na kan wani saurayi mai kyamara a wuya. Takalminsa fari ƙal, yana taka ƙasa kamar ba ya so. Na san irinsu: a ofis yake wuni cikin sanyi, ranar hutu ya fito farautar fuskokin talakawa.

Ga shi durƙushe gaban wani tsohon ɗan dako. Tsohon ya sauke kaya, ya share gumi, yana gyara sabuwar rigarsa shuɗiya, yana washe baki.

"A'a Baba, daina dariya," in ji saurayin. "Ɗora buhun a ka, kalli ƙasa."

Ya ɗauka, ya tura hoton wayarsa, yana jan yatsa. Launi ya gudu, yamutsewar fuska ta ƙara zurfi.

Tsohon ya leƙa. "Ɗana, ina shuɗin rigata? 'Yata ce ta ɗinka min, ita nake so ta gani."

"Baƙi da fari ya fi taɓa zuciya, Baba."

Zuciyar wa? Haushi ya turnuƙe ni. Mutum ya zo maka da rigarsa da dariyarsa, ka tuɓe masa duka, ka bar shi da buhu.