Kankanar Walimar Fa'iza

"Malama, ki daure ki tuna. Me kika ci a wurin walimar?"

Wata ma'aikaciyar lafiya ce daga ma'aikatar jiha take tambayata, tana tsaye a gefen gadona. Ni kuwa ledar ruwa na rataye a kaina, ko sunana sai na yi tunani kafin in faɗa.

Na daɗe ban rubuta komai a shafin nan ba. Masu cewa ƙasar waje na tafi, na gode da kyakkyawan zato. A asibiti na kwanta, nan unguwar Doka.

Walimar saukar karatun ƙanwata Fa'iza muka yi a gidanmu, Unguwar Dosa. Washegari da yamma cikina ya fara murɗawa, sai zawo, sai amai, sai zazzaɓi. Na aika kemis aka sayo mini maganin maleriya, kamar yadda kowa ke yi. Karatun jami'a bai hana ni ba.

Sai da na kasa tashi daga banɗaki maigidana ya cicciɓe ni zuwa mota.

Aka ɗebi jini, aka ɗebi bayan gida. Likita ya ce salmonela ce, ƙwayar cuta da ke shiga ta abinci. Ban ji komai ba, sai da ya ƙara da cewa, "Ruwan jikinki ya ƙare har ƙoda ta fara gajiya. In fitsari bai dawo ba, za mu yi maganar wankin ƙoda."

Daga ranar aikina ya koma kallon ledar fitsari. Ban taɓa zaton akwai ranar da zan yi addu'a a kansa ba. Gwaji kullum, allura kullum, abin da muka ajiye don makarantar yara ya tafi a wurin biyan kuɗi.

Ba ni kaɗai ba ce. Baƙin walimar da dama sun kwanta a asibitoci daban-daban, shi ya sa aka turo masu bincike. Danginmu kuwa sun riga sun gama nasu: Goggo Rabi, ƙanwar babanmu, ita ta dafa shinkafa, saboda haka ita ce. Da ta zo dubiya a bakin ƙofa ta tsaya, ta kasa ƙarasowa.

Na gaya wa ma'aikaciyar ban ci shinkafa ba. Ƙiba nake ragewa. Kankana na sha, faranti guda, ina kallon masu cin soyayyen nama da tausayi.

Ta ce duk wanda ya kwanta ya sha kankanar. Ta juya wurin Mama, wadda ke jinyata. "Hajiya, an wanke ta kafin a yanka?"

Mama ta ce, "A wanke kankana? 'Yar nan, ɓawon ake ci?"

Ma'aikaciyar ta yi mata bayani a hankali. Ƙasar gona da taki suna jikin ɓawo, wuƙa ta kwaso ta shigar ciki. Ga shi tun da hantsi aka yanka, aka rufe da leda a ƙarƙashin rumfa har bayan la'asar. Mama ta ce, "Mu dai haka muka taso muna sha," ta koma jan carbi.

Babu wanda ya ba Goggo Rabi haƙuri. An dai ci gaba da gaishe ta kamar ba a yi komai ba.

'Yan ofishinmu suka zo dubiya da manyan kankana biyu. Wai tana ƙara ruwa a jiki. Na yi godiya.

Fitsari ya dawo kaɗan-kaɗan, aka sallame ni da sharaɗin in riƙa zuwa gwajin ƙoda. Har yanzu hawa bene sai na huta a tsakiya.

Na gode wa Allah. Na gode wa nas-nas da suka canza mini zani ba tare da yamutsa fuska ba, da Mama da ta kwana a tabarma da ciwon gwiwarta, da Goggo Rabi da ta ci gaba da aiko kunu.

Ku wanke kankana sosai kafin wuƙa ta taɓa ta, ku wanke wuƙar. In an yanka, a sha ko a sa a firij. Zawo da zazzaɓi in sun haɗu, ku sha ruwan gishiri da sukari, ku nufi asibiti, ba kemis ba.

Jiya na koma gwaji. Likita ya duba sakamakon ya ce, "Ƙodarki ta koma aiki, Malama. Ba sai kin dawo ba."

Na zauna ina jiran murna ta zo. Gajiya ce kawai ta zo. Na ɗauki jakata, na ja masa ƙofa a hankali, na fita neman keke napep.