Burodin Italiya a Rumfar Baba

Shekarun da kuɗin mai suka shigo, Sakkwato ta cika da mutanen da suka ƙoshi jiya-jiya har suka fara raina tuwo. Ni ma ina cikinsu, ba zan cire kaina ba. Ina akawu a wata ma'aikatar gwamnati, soja na mulki, aka yi mana ƙarin albashi, na sayi babur da wando mai buɗaɗɗiyar ƙafa, ina jin kaina wani ne. Lokacin tashi shan iska sai mu bi gari muna neman abincin da iyayenmu ba su san sunansa ba. Mun ci shirme iri-iri, wallahi, muna lumshe ido.

Mu rundawa ne, wato mahauta, a Ƙofar Marke. Baba yana da rumfa a bakin hanya, ɗanyen nama da safe, tsire da kilishi da yamma. Ba shi da gona, ba shi da gidan haya. Abin da ya mallaka a duniya shi ne mutane na sayen namansa ido rufe, domin kowa ya san nama ba ya hawa katakonsa sai ya san wanda ya yanka, ya san dabbar da ranta aka kwantar da ita. Da wannan ya ciyar da mu.

Sai yayana, ɗan farin Baba. Shekara uku ya yi yana kuku a sansanin wasu Turawan Italiya masu aikin hanya a bayan gari. Da aikin ya ƙare ya dawo mana da hular hana-salla, da baƙin tabarau, da wani salon magana na tattara yatsu yana kaɗawa a gaban hancin mutum. Mutumin da aka haifa a kan buzu, wai yanzu warin tukuba na sa shi ciwon kai! Ya ce kilishi abincin matafiya ne, an wuce wurin. Shi zai buɗe shagon sanwici, wato burodi a tsaga a cusa masa nama da ganye, irin na Italiya na ainihi. Har ya fara maganar reshe a Kwalkwalawa, tunda an ce can jami'a za ta koma.

Ya gitta katanga a rabin rumfar Baba, ya shafa fenti, ya kawo firiji da akwatin gilashi. Ya sami mai gidan burodi ya koya masa wani dogon burodi mai taurin ɓawo. A ciki yana jera tumatir da latas da cuku, ya ɗiga man zaitun, sannan ya shimfiɗa naman. Naman nan shi ne abin taƙamarsa. Dogaye ne, naɗe cikin raga, bayansu fari-fari kamar an barbaɗa gari, ya rataye su a ƙusa. Ya ce Turawan ne suka bar masa da za su tafi, buhu biyu. Ba a dafawa, ba a gasawa, yankawa kawai ake yi siriri. Da wuƙar Baba yake yankawa, a kan katakon Baba, don tasa wuƙar ta Turai ba ta cin komai.

Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini daɗi ba: abin yana da daɗi. Gishiri-gishiri, ga ƙanshin tafarnuwa da masoro, ga tsamin cukun, burodin na ƙaras-ƙaras a baki. Ni na fara kai abokan aikina. Kafin wata guda motoci sun fara tsayawa. Manyan sakatarori, 'yan kwangila, wani hafsan soja da ke turo direbansa. Ka ga ƙato da babbar riga ya wage baki yana kokawa da ɓawon burodi, mai na bin gemunsa, yana cewa haka yake ci a Turai, alhali iyakarsa Kaduna. Ba wanda ya tambayi komai. Ai rumfar Baba ce.

Baba ne kaɗai ya tambaya, shi ma ba kai tsaye ba. A gidanmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya zama da shi su yi hira, balle ya tsare shi da tambaya gaban mutane. Kunya ce, haka ya tarar, haka ya riƙe. In yana da magana da yayana, ni yake aikowa, ko da kuwa taku uku ne tsakaninsu. Wata rana da la'asar ya yafito ni, yana shafa labu a kilishi, bai ɗago ba.

"Tai ka tambayi wancan," in ji shi, "naman ga da yar rataye, wa yay yanka shi?"

Na zagaya katangar. Shagon cike, har da shugabana na ofis a zaune. Sai na ji nauyin tambayar, na ga za ta sa a ce mu ƙauyawa ne. Na rage murya na ce, "Yaya, Baba na tambaya daga ina naman yake."

"Daga Italiya mana!" ya faɗa da ƙarfi, don a ji. "Naman shanu ne. Bature da bakinsa ya gaya mini."

Na koma na ce wa Baba, "Ya ce na shanu ne, mai kyau."

"Ba ita nit tambaya ba."

"Ya ce ba komai, Baba, ya san wurin."

Ƙarya na yi, yayana bai faɗi haka ba. Baba ya dube ni, ya dubi katangar, ya ci gaba da shafa labunsa. Sau biyu ya sake aike na a cikin makon, sau biyu ina sassauta tambayar a hanya, ina gyara amsar a dawowa. Da baƙo ne ya kawo naman, da tun ranar farko Baba ya yi waje da shi. Amma ɗan fari ne, kuma ɗan aiken sakarai ne mai son cikinsa.

Wanda ya fasa maganar wani malamin jami'a ne, siriri, mai sanyin murya, wanda ya yi karatu a Turai da gaske. Ya zo da rana tsaka, ya tsaya yana kallon abin da ke rataye, ya jawo guda yana juya 'yar takardar da ke jikinsa. Ya ce, "Malam, irin wannan a can yawanci da naman alade ake yinsa. Akwai na shanu, amma ban ga inda aka rubuta ba. Ko na shanun ne ma, wa ya yanka?"

Yayana ya tattara yatsunsa, sai kuma ya sauke hannun. Kai, ka zo ka ga wayayyu! Masu cewa haka suke ci a Turai suka dinga tofarwa a hankici, wani na salati, wani na neman buta. Shugabana ya miƙe yana cewa shi dama tun farko jikinsa bai ba shi ba. Mutumin da ke cin biyu a zama ɗaya! Kafin magariba labari ya kai kasuwa, kuma ba a ce shagon yayana ba, rumfar Baba aka ce.

Baba bai ce wa ɗansa uffan ba, ko a ranar. Ya ɗauki katakon ya faskara ya cusa a wuta, ya tattara wuƙaƙen ya ba ni ya ce in kai inda ba zai ƙara ganinsu ba. Ya sayi sababbi. Ya taka da ƙafarsa ya je wurin liman da Sarkin Pawa ya yi bayani, suka ce sun yarda da shi, kowa ma ya ce ya yarda da shi. Amma sai ka ga mutum ya gaishe shi da ladabi, ya wuce rumfar gaba. Har yau ba mu san ko naman mene ne ba.

Yayana kuwa bayan mako biyu ya rufe shago, ya ce Sakkwatawa ba su waye ba, ya tafi Legas neman kwangila. Ya samu kuwa. Yanzu tsoho ne mai tumbi da carbi, in an taru yana ba da labarin sanwici ana dariya. Ni ba na dariyar, kuma ba na jin na fi shi da komai.

Babbar Salla ta zo bayan wata uku. Kowace shekara, da an sauko idi an yi yanka, gidajen unguwa ke rububin Baba ya je ya feɗe musu ragunan layya, har sai ya zaɓi inda zai fara. Ran nan ya wasa sababbin wuƙaƙensa tun da safe, ya naɗe su a tsumma, ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gida ya zauna. Muna jin hayaniya a maƙwabta, muna ganin wasu rundawan na shiga suna fita da jini a hannu. Duk wanda ya gifta sai ya ce, "Barka da Salla, Baba," Baba ya amsa. Na zauna kusa da shi na kasa haɗa ido da shi. Da aka kira azahar ya miƙo mini ƙunshin wuƙaƙen ya ce, "Shiga da su ciki." Ya ɗauki butarsa ya nufi masallaci.