Yaya da Layukan Tayil

Yayana ya yi shekara ashirin da shida yana saka tayil a gidajen mutane. Gwiwoyinsa sun yi kanta, har matarsa, wadda nake kira Anti, takan ce ko allura aka soka ba za ta shiga ba. Ba mai yawan magana ba ne. Idan ya shiga ɗakin da za a yi wa aiki, sai ya tsaya a bakin ƙofa ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ja igiya daga bango zuwa bango ya ce daga nan za a fara. Abokin aikinsa, wani gajeren mutum da ake wa laƙabi da Dogo don tsokana, shi ke kwaɓa siminti da yanka.

Bayansa ne ya fara ciwo. Ya yi shekara biyu yana shan magani yana zuwa aiki, har ranar da ya durƙusa a banɗakin wani gida ya kasa tashi. Aka yi masa aiki a asibiti. Likita ya ce an yi nasara, sai dai ƙafar hagu ba za ta koma yadda take ba, kuma babu shi babu durƙuso ko ɗaukar kaya. Ina wurin aka faɗa masa. Yaya ya ce, "To." Sannan ya tambayi inda aka ajiye takalmansa.

Wata biyar ya yi a kujerar falo. Bai yi kuka ba, bai yi faɗa ba. In an kunna talabijin ya kalla, in an kashe ya ci gaba da kallon wurin. Anti ta ce da ni, "Da ma zai yi mini masifa kamar da, in san yana nan. Jiya da gangan na cika gishiri, ya cinye bai ce komai ba."

Ni a shagon buga takardu nake aiki, ina tsara kalanda da fosta da kati. A manhajar gyaran hoto da muke amfani da ita akwai wani ɗan ƙari da ake sauke mata. Za ka faɗa masa layi nawa kake so a tsaye, nawa a kwance, da tazarar da ke tsakani, sai ya shimfiɗa maka shuɗayen layuka a kan shafi, gida-gida. Ba sa fitowa a bugu, jagora ne kawai. Wata rana ina jera hotuna goma sha biyu na kalanda, sai na ga shafin ya koma mini kamar ƙasan ɗaki kafin a zuba farin siminti.

Ran Asabar na ɗauki tsohuwar kwamfutata na kai masa. Na buɗe farin shafi na ce, "Yaya, falon nan tsawonsa nawa ne?"

"Mita huɗu da santimita ashirin," ya ce, bai ko dube ni ba. "Faɗi uku da sittin."

Na sa shafin ya zama daidai da hakan. Na ce tayil mai hamsin-hamsin, tazara milimita uku. Na danna, layuka suka fito. Ya ɗan juyo.

"Kin fara daga kusurwa, Auta. Ba a haka. Yankan zai faɗo a bakin ƙofa."

Na tura masa maus ɗin, wato linzamin kwamfutar. Hannunsa ya yi masa girma, ya riƙe shi kamar zai murƙushe. Sau uku yana jan layi yana kufce masa. A na huɗu ya matsar da ragar layukan duka zuwa hagu, har guntayen suka koma jikin bangon da kujeru ke rufewa. Ya ce, "Haka." Ya saki maus ɗin ya mayar da hannunsa kan cinya. Na yi zaton zai yi murmushi. Bai yi ba.

Amma na bar masa kwamfutar, kuma bayan mako biyu Anti ta kira ni ta ce ya gama da falo da kicin, yanzu awon ɗakin maƙwabta yake tambaya. Na rubuta masa matakan a bayan wata tsohuwar kalanda: buɗe shafi, sa awo, kira ƙarin, sa girman tayil, sa tazara, ja. Bai koyi komai ba a kwamfutar ban da wannan. Ko rufe ta bai iya ba, sai dai ya kifa murfin.

Dogo ne ya mayar da abin sana'a. Tun da Yaya ya kwanta shi ke karɓar aiki, kuma ya iya sakawa, sai dai bai taɓa iya sanin inda za a fara ba. Ya riƙa turo awon ɗaki ta waya, Yaya ya shimfiɗa layuka, ni in buga a shago, Dogo ya nuna wa masu gida. Suna son hakan, don suna ganin ɗakinsu tun ba a buɗe kwali ba. Dogo ya fara kiransa Injiniya. Yakan ce, "Injiniya, mu muna cin ƙura, kai kana shan fanka." Yaya ya ce, "Haka ne."

Na taɓa tambayarsa ko yana jin daɗin aikin.  Ya ce, "Yana cin lokaci."

A wata na huɗu da fara wannan aiki aka samu matsala. Wani babban falo ne a sabon gida. Dogo ya turo awo, Yaya ya tsara yadda tayil zai ƙare cif a bangon dama ba tare da yanka ba. Kwana biyu suna sakawa bisa takardar. Da suka kusa ƙarshen ɗakin sai ga gibi ya buɗe a jikin bangon, ya fara da kaurin yatsa ɗaya, ya ƙare da faɗin tafin hannu. Ashe maginin bai ja bangon a miƙe ba, ɗakin ya fi faɗi a ciki da santimita tara. Dogo gefen ƙofa kawai ya auna. Matar gidan ta ce ba za ta zauna tana kallon wannan sirantar ba, a cire.

Dogo ya zo da kansa ya faɗa. Ya tsaya a falo yana juya hularsa. "Laifina ne, Yaya. Ban auna ciki ba."

"Ni ma ban tambaye ka awon cikin ba," in ji Yaya. Ya ɗauki sandarsa. "Auta, kira mana mota."

Wannan ce fitarsa ta farko da ba ta asibiti ba. Anti ta bi mu har ƙofa tana cewa, "Baban yara, likita fa ya ce," amma ba ta ƙarasa ba, ta koma ta kawo masa ruwa a gora.

A gidan, ya tsaya a bakin falon kamar yadda ya saba. Ƙanshin ɗanyen siminti ya cika wurin. Na dube shi ina jiran in ga wani abu a fuskarsa, ban gani ba. Ya taka a hankali yana jan ƙafar hagu, yana ƙwanƙwasa tayil da kan sanda. Da ya kai wurin gibin sai na ga gwiwarsa ta fara lanƙwasa da kanta. Ya tsaya a haka, rabi a tsaye, sannan ya miƙe. Ya ce Dogo ya durƙusa ya auna masa.

Dogo ya auna duk bango huɗun, da kusurwa zuwa kusurwa. Na ɗora kwamfutar a kan kwalayen tayil, aka kawo wa Yaya kujerar roba. Ya ja layi ɗaya a karkace yadda bangon yake, ya yi ta matsar da ragar. Ya yi kusan rabin awa a kai. Daga ƙarshe ya ce ba sai an cire duka ba. A cire layi biyu na gefen dama, a zagaye gefen falon da layin tayil mai duhu, karkatar za ta ɓace a ciki.

Matar gidan ta leƙa allon ta ce, "Kamar da ma haka aka tsara."

"A'a, Hajiya," ya ce. "Gyara ne."

Muka zauna har aka fara cirewa. Dogo ya sa kurfi da guduma, tayil na farko ya tsage biyu. Yaya yana kallo, gorar ruwan na hannunsa bai buɗe ba. Na ce, "Yaya, ko bayan ne?" Ya ce a'a, ba ya jin komai.

Tun daga ranar ba ya karɓar awon ɗaki sai guda shida, na bango huɗu da na kusurwa zuwa kusurwa biyu, kuma in aikin babba ne sai Dogo ya zo ya ɗauke shi. Yakan zauna a kujerar roba a bakin ƙofa, kwamfuta a cinya, ƙura na sauka a kan madannanta. Shekara uku ke nan. Masu saka tayil huɗu ne yanzu ke turo masa awo. Kayan aikinsa na da, injin yanka da gudumar roba da igiyoyin, ya ba Dogo su ba tare da an roƙe shi ba.

Makon jiya na je gidan da rana na tarar Anti tana shara, tana mita cewa kwamfutar ta fi ta samun kallo. Yaya yana kan wani kicin mai lungu biyu. Na gaishe shi, ya amsa. Can ya ce, "Auta, layukan nan ba a canja musu launi? Shuɗin ya fara gajiyar da idona."

Na ce ana canjawa. Na tambaye shi wanne yake so.

Ya ce ko wanne.